An ɗaura aure, sai kuma me? Labarin Kristin 'yar Lavrans

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen abin da na faɗa a shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da kuma waɗanda dama can sun fi son karantawa.

Yau tafiyar tamu mai nisa ce. Za mu je ƙasar Norwe da ke can arewacin Turai, inda dusar ƙanƙara ke rufe hanya wata da watanni, kuma za mu koma baya kimanin shekara ɗari bakwai. Littafin da na ɗauko mana sunansa Kristin Lavransdatter, ma'ana Kristin 'yar Lavrans. Wata marubuciya 'yar ƙasar mai suna Sigrid Undset ce ta rubuta shi, ta fitar da shi kashi uku a 1920 da 1921 da 1922. Idan aka haɗa su wuri guda, shafinsu ya haura dubu. A 1928 aka ba ta kyautar Nobel ta adabi, kuma kwamitin kyautar ya ce babban dalilinsa shi ne yadda ta zayyana rayuwar mutanen arewacin Turai na wancan zamani. Ita ce mace ta uku da ta taɓa samun wannan kyauta a fannin adabi.

Kafin mu shiga, gargaɗi: zan fasa ƙwan labarin tun daga farko har ƙarshe. Wanda yake son ya karanta da kansa ba tare da an gaya masa wa ya mutu wa ya rage ba, to ya ajiye wannan rubutun tukuna. Amma ina tabbatar muku, littafin nan ko ka san ƙarshensa sai ya riƙe ka.

Me ya sa na zaɓe shi? Ku duba yawancin labaran soyayya da muke karantawa a waya. Yarinya na son wani, iyaye sun ce a'a, a sha wahala, a yi kuka, daga ƙarshe a ɗaura aure, marubuciya ta rubuta alhamdulillah, a tashi. Ita Undset ta ba Kristin mijin da take so tun a ƙarshen kashi na ɗaya. Sai ta ware sauran kashi biyun, wato mafi yawan littafin, tana bin ta a gidan auren nan shekara da shekaru, daga haihuwa da raino da talauci da zawarcin mutuwa, har tsufa. Tambayar da littafin ya sa a gaba ita ce: idan ka samu abin da ka nace sai shi, ta wace hanya ka same shi, kuma yaya za ka zauna da shi har ƙarshen rayuwa?

Bari mu fara da gidan da aka haife ta. Kristin ta tashi a wani gandu mai suna Jorundgard, a kwarin Gudbrandsdal, a farkon ƙarni na 14. Mahaifinta Lavrans mutumin kirki ne na gaske, manomi mai wadata, mai ibada, mai kyauta, wanda duk kwarin ke girmamawa. Mahaifiyarta Ragnfrid kuwa mace ce mai yawan shiru da baƙin ciki, ta binne 'ya'ya maza uku tun suna jarirai. Don haka Kristin ta zama 'yar gaban goshin uba. Tana da shekara goma sha biyar aka yi mata baiko da Simon, ɗan wani gida mai mutunci. Simon ba shi da aibu. Mai hankali ne, mai barkwanci, mai riƙon amana, sai dai bai taɓa sa zuciyarta ta buga ba.

Ku lura da dokar wancan lokaci, domin ita ce za ta sa ku gane nauyin abin da ya biyo baya. A Norwe ta zamanin, aure yarjejeniya ce tsakanin dangi biyu, da dukiya da gonaki a ciki. Dokar ƙasa da Sarki Magnus mai gyaran doka ya kafa a 1274 ta ba 'ya mace gado, rabin kason ɗan'uwanta namiji, amma macen da ta yi aure ba da yardar danginta ba tana iya rasa gadon. Budurwa tana sakin gashinta a waje, ranar aurenta a ɗora mata kambi a ka, alamar ta kai budurcinta. Matar aure kuwa ta rufe gashi da farin ƙyalle, ta rataya makullan gida a ɗamararta. Ku riƙe abubuwan nan biyu, kambi da makullai, za mu dawo kansu. Sunan kashi na ɗaya ma ke nan, Kambi. Na biyu Uwargida. Na uku Gicciye.

To, bayan wata fitina da ta taso a ƙauyen, wadda ta jawo mutuwar wani abokin wasanta na ƙuruciya mai suna Arne, har aka fara yi da ita a gari, sai aka yanke shawarar a kai ta gidan mata 'yan zuhudu a Oslo ta yi shekara guda kafin biki, ƙura ta lafa. A nan ne ta haɗu da Erlend.

Erlend fa irin mutumin nan ne da iyaye ke gani su ce Allah ya raba mu. Kyakkyawa, ɗan babban gida, jarumi, mai daɗin baki, kuma ba ya tunanin gobe ko kaɗan. Ya riga ya ɓata sunansa: ya gudu da matar wani mai suna Eline, sun yi zaman dadiro shekaru, har da 'ya'ya biyu, coci ya taɓa yanke shi daga jama'a saboda haka. Kristin ta san duk wannan, ta kuma faɗa. Suka riƙa haɗuwa a ɓoye, har ta kai yana aika a kawo masa ita wani gida da mutanen kirki ba sa shiga a Oslo. A wannan gidan Simon ya same su. Abin da Simon ya yi shi ne ya sake ta daga alkawari, ya kuma rufe bakinsa game da inda ya gan ta, don kada zuciyar Lavrans ta karye.

Lavrans ya ƙi auren. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ya lalata matar wani ba. Kristin ba ta yi masa rashin kunya ba, ta dai yi shiru tana ramewa a gabansa, wata bayan wata, har ya gaji ya sallama. Amma kafin nan wani abu ya faru da ba wanda ya sani sai mutum kaɗan. A wani gida da ke kan dutse mai suna Haugen, Eline ta zo ta tarar da su, ta miƙa wa Kristin abin sha mai guba. Rigima ta kaure, Erlend ya matsa wa Eline ta sha da kanta, Kristin na zuga shi, daga ƙarshe Eline ta soka wa kanta wuƙar Erlend ta mutu a gabansu. Suka rufe maganar.

Saboda haka ranar bikin da ta yi shekaru tana jira, Kristin ta shiga coci da kambin zinariya a ka, gashi a sake kamar kowace budurwa, alhali tana ɗauke da ciki, ga kuma mutuwar wata mata a wuyanta. Ta samu abin da take so. Ba ta ji daɗin ranar ba ko na minti ɗaya.

Akwai wani wuri a ƙarshen wannan kashi da nake ganin ya fi ko'ina nuna gwanintar Undset. A daren bikin, bayan an kai amarya, sai ta bar ango da amarya ta koma kan iyayen. Lavrans da Ragnfrid suna zaune su biyu a duhu, sai Ragnfrid ta faɗa masa abin da ta ɓoye tun ranar aurensu: ita ma wani ya riga shi saninta. Wato auren da kowa ke misali da shi a kwarin, wanda aka yi bisa tsari da yardar dangi, shi ma yana da nasa ciwon. Kun ga marubuciyar ta toshe mana hanyar saurin yanke hukunci. Ba za ka iya cewa da Kristin ta bi zaɓin iyaye da shi ke nan ta huta ba, domin ga wadda ta bi, ta kuma yi shekaru tana kuka a ɓoye. Abin sha'awa, bayan wannan daren ne tsofaffin biyu suka fara kusantar juna da gaske, har zuwa mutuwar Lavrans.

Mu shiga kashi na biyu, Uwargida. Erlend ya kai ta gandunsa, Husaby, kusa da birnin Nidaros, wanda yau ake kira Trondheim. Gida ne babba na manyan mutane, amma ta tarar da shi kaca-kaca: datti ko'ina, rumbuna ba komai, barori na yin abin da suka ga dama, gonaki an jinginar wasu an sayar. Yarinya mai ciki, a baƙon wuri, ta ɗaura ɗamara ta fara gyara. A nan ne tarbiyyar gidan ubanta ta fito. Cikin 'yan shekaru ta mayar da Husaby gidan da ake kwatance da shi.

Haihuwarta ta fari kuwa, Undset ta rubuta ta ba tare da sakaya ba, naƙuda mai tsawo a ɗaki cike da matan unguwa waɗanda duk sun iya lissafin wata, sun san cikin ya girmi auren. Kristin tana tsoron kada zunubinta ya fito a jikin jaririn. Da ya zo lafiya, sai ta goya shi ta taka a ƙasa ba takalmi har babban cocin Nidaros, inda kabarin Olav yake, sarkin da aka kashe a yaƙin Stiklestad a 1030 wanda mutanen ƙasar suka ɗauka waliyyinsu. A can ta ajiye kambin zinariyar da ta sa ba da haƙƙi ba, ta nemi gafara. Wannan ne abu na farko da ya fita daga hannunta.

Ta haifi 'ya'ya maza bakwai a Husaby, har da tagwaye. Kuma jama'a, a nan ne littafin ya fara yi mini nauyi a ƙirji, domin a nan ne za ka ga abin da yake cin auren. Erlend bai daina son ta ba. Ita ma ba ta daina son sa ba. Matsalar ita ce shi mutum ne mai mantuwa, ya yi laifi yau, gobe ya tashi yana dariya kamar ba a yi ba, kuma da gaske ya manta. Ita kuwa ba ta manta komai. Tana riƙe da lissafin kowane abu: gidan da ya sa aka kai ta a Oslo, kunyar da ya jawo wa mahaifinta, kowace gona da ya salwantar wadda ya kamata ta zama gadon 'ya'yanta. Tana yi masa aiki kamar baiwa, tana kuma yi masa gori da idanu ko ba ta buɗe baki ba. Idan ta buɗe kuwa, ta san daidai inda za ta soka.

Ni dai a karatuna, wannan riƙon shi ne zuciyar littafin. Kristin ta kasa yafe wa Erlend saboda ta kasa yafe wa kanta. Duk lokacin da ta dube shi tana ganin abin da ta yi wa mahaifinta, sai ta ɗora masa kuɗin duka, alhali tare suka ci bashin. Kuma abin da zai ba ka haushi, kusan duk abin da take faɗa a kansa gaskiya ne. Mutumin ba shi da tattali, ba shi da lissafi. Sai dai gaskiyar tata ba ta taɓa gyara komai a gidan ba, ta dai ƙara tura shi waje.

Wajen da ya tafi kuwa ya haɗa da siyasa. A tarihi na gaskiya, a 1319 an naɗa wani yaro ɗan shekara uku, Magnus Eriksson, sarkin Norwe da Suwidin a lokaci guda. Undset ta ɗauki wannan ta saka Erlend a cikin wata maƙarƙashiya ta manyan Norwe da ke son ƙasarsu ta samu sarkinta ita kaɗai, ta hanyar ɗora wani ƙanen sarkin da suke uwa ɗaya. Shiri ne mai haɗari, kuma Erlend ya riƙe shi da kyau, har ranar da suka yi faɗa da Kristin ya fita cikin fushi ya faɗa hannun wata matar aure mai suna Sunniva. Ita ce ta ga wasiƙar sirrin a kayansa. Magana ta fita, aka kama shi da laifin cin amanar sarki.

A nan mutanen uku suka nuna ainihinsu. Erlend, wanda kowa ke ɗauka sakarai, aka azabtar da shi ya ƙi faɗin sunan ko mutum ɗaya. Kristin, wadda ta yi shekaru tana ƙirga laifinsa, ta watsar da lissafin ta tsaya masa tsayin daka. Wanda ya yi ta zirga-zirga wurin manya har aka sake shi kuwa, Simon ne. Eh, Simon ɗin da aka yaudara. A lokacin ya auri ƙanwar Kristin, Ramborg, ya zama ɗan gida, kuma bai taɓa daina son yayar ba, yana ɓoyewa. Ya ceci ran mutumin da ya ƙwace masa mata, saboda ba zai iya ganin ta cikin wannan hali ba. Kada ku yi saurin cewa waliyyi ne: Ramborg ta gane inda zuciyar mijinta take, kuma ita ta biya kuɗin wannan kirkin nasa.

An bar wa Erlend ransa, an ƙwace Husaby da duk dukiyarsa. Aikin shekara goma sha biyar na Kristin ya tafi a rana ɗaya. Abin da ya rage musu shi ne gadonta, Jorundgard. A nan kashi na uku ya fara.

Ku yi tunanin mutum irin Erlend, wanda ya saba da jiragen ruwa da dakaru da fadar sarki, yanzu yana zaune a gidan surukinsa marigayi, a cikin manoman da ba sa ƙaunarsa, bai iya noma ba kuma ba ya son koya. Ita kuma tana kallon samari bakwai suna tasowa ba gadon da za a raba musu. Tsoron makomar 'ya'ya ya hana ta barci. Undset ta nuna uwa yadda ba kasafai ake nunawa ba: son da take yi wa yaran har ya zama nauyi a kansu, su kuma sun fi sakewa da uban da ke wasa da su yana kai su farauta. Ita ke wahala, shi ake so. Iyaye mata da yawa za su gane wannan ba sai an yi musu bayani ba.

Wata rana faɗa ya yi faɗa, ta auna shi da mahaifinta ta nuna masa bai kai ba. Erlend ya sa sirdi ya tafi Haugen, wancan gidan kan dutse inda Eline ta mutu, ya zauna shi kaɗai. Simon, a kan gadon mutuwarsa sakamakon wani ɗan rauni da ya rube, ya roƙe ta ta je ta sasanta da mijinta. Ta je. Suka yi 'yan kwanaki kamar sabbin masoya. Ya ce ta zauna tare da shi a can, ta ce ya dawo gida wurin yara da gona. Kowa ya ɗauka ɗayan zai sauko. Ta koma da ciki, ta jira, bai zo ba. Da ta haihu sai ta sa wa jaririn suna Erlend, alhali a al'adarsu ba a sa wa yaro sunan uban da ke raye. Kamar ta sanar wa duniya ne cewa a wurinta ya mutu. Jaririn bai yi tsawon rai ba.

Daga nan gari ya ɗauka cewa cikin ma ba na mijinta ba ne, na Ulf ne, wani ɗan'uwan Erlend da ke kula musu da gandu. Magana ta kai gaban bishop. Ɗaya daga cikin yaran ya hau doki ya je ya gaya wa uban. Erlend ya sauko a guje don ya wanke matarsa, ya yi karo da mutanen gari a tsakar gida, aka soke shi da mashi. Ya mutu a hannunta, bayan ya ƙi yarda limamin cocin da ya taya yaɗa ƙazafin ya yi masa addu'ar ƙarshe. Ya dawo ɗin dai, amma a makare. Girman kai na mutum biyu, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara, shi ya kai su nan.

Yanzu sai tsufa, kuma wallahi ban san littafin da ya rubuta tsufan mace da gaskiya irin wannan ba. Yaran suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ƙaraminsu Munan ya rasu. Manyan biyu, Naakkve da Bjorgulf wanda idonsa ke mutuwa, suka shiga gidan zuhudu a tsibirin Tautra. Wasu suka tafi neman arziki a hidimar manya. Gaute ne ya gaji gandun. Shi kuma me ya yi? Ya ɗauko 'yar wani attajiri mai suna Jofrid daga gidan ubanta ba da izini ba, suka haihu kafin a ɗaura aure. Abin da Kristin ta yi wa nata uban, ga shi an kawo mata har gida, yanzu ita ce a kujerar iyaye.

Jofrid ba muguwa ba ce, kuma wannan ne ya sa abin ya fi ciwo. Yarinya ce mai ƙwazo, mai tattali, ta iya riƙon gida, tana girmama surukarta daidai gwargwado. Sai dai gida ɗaya ba ya ɗaukar uwargida biyu. Kristin ta saba duk almajirin da ya zo ƙofa a ba shi, kamar zamanin mahaifinta, Jofrid kuwa tana ganin ɓarna ce. Ƙananan abubuwa irin waɗannan suka nuna wa Kristin cewa gidan da aka haife ta, wanda ta riƙe da ƙarfinta, zai tafi daidai ko ba ta nan. Makullai suka koma ɗamarar wata. Ba wanda ya kore ta. Ita ta gane, ta tattara 'yan kayanta ta kama hanyar Nidaros a ƙasa, ta shiga gidan mata 'yan zuhudu na Rein.

Sai 1349, shekarar da annobar nan da ake kira Baƙar Mutuwa ta shigo Norwe ta tashar jiragen ruwa ta Bergen. Masana tarihi na ƙiyasta ta kashe daga kashi ɗaya cikin uku zuwa fiye da rabin mutanen ƙasar. Tsoro ya mayar da wasu ga tsafin kakanninsu. Wani dare Kristin ta ji cewa wasu maza sun tafi maƙabarta da wani yaro, ɗan wata matalauciya da gari ya raina, za su binne shi da rai don annoba ta lafa. Tsohuwar nan ta fita cikin duhu ta shiga tsakaninsu da yaron. A wurin ne aka jefa mata labarin cewa 'ya'yanta biyu na Tautra sun mutu. Aka kuma yi mata gatse cewa gawar uwar yaron na can a bukka an bar ta tana ruɓewa, in ta isa ta je ta ɗauko. Ta je. Ita da Ulf suka ɗauko gawar don a binne ta kamar kowa. A nan ta kamu.

Tana kwance tana jiran mutuwa, ba ta da sauran abin da za ta bayar a yi wa matar nan addu'a sai zoben aurenta, zoben Erlend. Ta cire ta bayar. Da ta dubi yatsan, sai ta ga zoben ya bar mata shaida a fata, mai kama da harafin farko na sunan Maryam. A fahimtarta ta Kirista, ta ɗauki wannan alama ce cewa duk taurin kanta da son zuciyarta, Ubangiji bai taɓa sakin ta ba. Ta mutu tana kusan shekara hamsin, dusar ƙanƙara ta farko na sauka a waje.

Ku duba jerin: kambi, ta ajiye shi saboda kunya. Husaby, sarki ya ƙwace. Miji da 'ya'ya, mutuwa da rayuwa suka ɗauke. Makullai, zamani ya karɓa. Zoben ne kaɗai ta bayar da hannunta, da son ranta, kuma saboda matar da ba ta haɗa komai da ita ba. Macen da ta yi rayuwarta duka tana damƙe abu, mutum ne ko gona ko laifin wani, sai a kwananta na ƙarshe ta iya buɗe hannu.

Kaɗan game da marubuciyar, domin za ku ga inda ta samo wannan ido. An haifi Sigrid Undset a 1882 a Kalundborg ta ƙasar Denmak, ta tashi a babban birnin Norwe. Mahaifinta masanin kayan tarihi ne na tono, shi ya sa mata son tsohon zamani, ya rasu tana da shekara goma sha ɗaya. Tun tana sha shida ta fara aikin ofis, ta yi shekara goma tana yi tana rubutu da dare. A 1912 ta auri wani mai zane, Anders Svarstad, wanda lokacin da suka haɗu a Rum yana da mata da 'ya'ya uku. Suka haifi uku, ɗaya mai lalurar ƙwaƙwalwa. A 1919 ta koma garin Lillehammer da yaranta, auren na tangal-tangal, kuma a wannan gidan ta rubuta Kristin. A 1924 ta shiga ɗariƙar Katolika, abin da ya ba mutane mamaki a ƙasar da kusan kowa ɗan Furotesta ne. Da sojojin Hitler suka mamaye Norwe a 1940 ta gudu zuwa Amurka saboda ta daɗe tana sukar 'yan Nazi, babban ɗanta kuma ya mutu a fagen daga a wannan shekarar. Ta dawo a 1945, ta rasu a 1949. Wato macen da ta rubuta wannan littafi ta san son mijin wata, ta san rainon 'ya'yan miji, ta san zama da yaro mara lafiya.

Ga mai son karantawa da Turanci, akwai fassara biyu. Tsohuwar ta Charles Archer ta shekarun 1920 tana da Turanci mai tauri irin na da, an kuma yanke wasu wurare. Ta Tiina Nunnally, wadda ta fito tsakanin 1997 da 2000, ita ce mai sauƙi kuma cikakkiya, ita nake ba ku shawara. Akwai kuma fim da Liv Ullmann ta shirya a 1995, amma kashi na ɗaya kawai ya ɗauka, wato shi ma a wurin biki ya tsaya.

Shawarata, kada ku karaya da sunaye masu wuyar faɗa a shafukan farko. Ku riƙe biyar kawai: Kristin, Lavrans, Ragnfrid, Erlend, Simon. Sauran za su zauna da kansu.

Tambayar da zan bar mana ta wannan makon: a cikin auren nan, wa ya fi ɓarna, Erlend mai yin laifi ya manta, ko Kristin mai gaskiya da ba ta mantuwa? Kuma da a ce Simon ta aura, kuna ganin da ta zauna lafiya, ko da shi ma ta sami abin da za ta riƙe? Ina son jin ta bakin matan aure musamman, da kuma waɗanda ke zaune gida ɗaya da surukai. Mu haɗu a zama na gaba in Allah ya kai mu.